Jalɗar Laka: Tambayoyin da Mutanenmu na Makka da Jidda Suka Fi Yi

Na kwashe shekaru ina aikin gashi da motsa gaɓoɓi a Jidda, kuma da yake ina jin Hausa da Larabci, duk lokacin da aka kwantar da wani namu aka rasa tafinta, ni ake lalubowa. A nan na lura cewa tambayoyin da dangi ke yi a kan jalɗar laka, wato yankewar jinin da ke shayar da lakar baya, kusan iri ɗaya ne, daga 'yan Shara Mansur da Misfala har 'yan Karantina da alhazan da suka zo daga gida. Su na tattara a nan. Wannan ba ya maye gurbin ganin likita. Abin da ba na so shi ne a kwana da mutum a ɗaki ana murza masa man zafi alhali kowace awa tana cin lakarsa.

Wai laka ma tana yin jalɗa? Mu a kai muka san ta.

Tana yi. Laka ita ce farar igiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya. Duk wanda ya taɓa sara wuyan ragon layya ya gan ta. A jikin babban mutum tsawonta kamar santimita 45 ne, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, kuma ba ta kai ƙarshen baya ba, a daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu take tsayawa. Ta cikinta umarnin ƙwaƙwalwa ke sauka zuwa hannu da ƙafa da mafitsara, ta cikinta kuma labarin zafi da sanyi da taɓawa ke hawa. Da jini take rayuwa kamar ƙwaƙwalwa. In jijiyar da ke shayar da ita ta toshe, ko jinin ya yi ƙasa ƙwarai, wurin ya fara mutuwa, duk abin da ke ƙasa da shi kuma ya daina jin umarni.

Ba ta da yawa. Cikin jalɗa 100, ɗaya ko biyu ce ke faɗa wa laka, shi ya sa ba kowane likita ne take zuwar masa a rai da farko ba. A asibiti za ka ji ana cewa "jalɗa fin nukha'ish shauki". A gida jalɗa ce ake kira shanyewar ɓarin jiki, sai dai wannan ba ɓari guda take ɗauka ba. Yawanci daga wani layi ne zuwa ƙasa, dama da hagu gaba ɗaya.

Da me zan gane ta?

Abu uku ne ke haɗuwa, kuma da sauri suke haɗuwa. Na farko ciwo mai tsanani da ya faɗo kwatsam a baya ko a wuya, wani sa'in ya zagayo ƙirji ko ciki kamar an ɗaure mutum da igiya. Mafi yawan masu cutar da shi suke farawa, amma akwai waɗanda ba su ji ciwon komai ba. Na biyu ƙafafu su yi nauyi, su mutu, cikin mintuna ko awanni. In abin a wuya ne, har da hannuwa, wani lokaci har da numfashi. Na uku fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba mutum bai sani ba.

Wani bawan Allah da na yi wa gashi, turin keken ɗawafi yake yi a Harami. Ya dawo gida bayan asuba, ya sunkuya zai ɗauke jarkar zamzam daga bakin ƙofa, sai ya ji kamar an soka masa ƙarfe tsakanin kafaɗu. Ya ce gajiya ce, ya kwanta. Da aka kira azahar mai ɗakinsa ta taɓa shi: "Malam, tashi ka yi alwala." Ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, ya ce mata, "Ƙafar nan fa kamar ba tawa ba." Kafin la'asar mararsa ta cika ta yi tam, fitsari ko ɗigo. Duk da haka sai da aka kwana biyu ana jiran ya sake.

Saurin nan shi ne babbar alama. A 2019 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun fitar da ma'aunin gane wannan cuta, kuma ginshiƙinsa shi ne raunin ya kai maƙurarsa cikin awa 12 ko ƙasa da haka. Wani ma kafin babbar ta zo ƙafafunsa kan mutu na 'yan mintuna su dawo. Wannan ba sauƙi ba ne, gargaɗi ne, a tafi asibiti ranar.

Amma bakinsa bai karkace ba, maganarsa garau, hankalinsa daidai.

Haka take. Karkacewar baki da sarƙewar harshe na jalɗar kai ne. A nan ƙwaƙwalwa lafiyarta lau, hanyar da ke ƙasa da ita ce ta yanke. Mutum zai zauna yana ba ka labarin abin da ya same shi tiryan-tiryan, wannan kuma shi ke yaudarar 'yan uwa su ce ai da sauƙi.

Yana jin an taɓa shi, amma na mintsine shi bai ji zafi ba. Ko dai raki ne ko aljanu?

Ba raki ba ne, kuma wannan abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne ke ƙara wa likita tabbaci. Jijiyoyin jini uku ne ke bin laka a tsaye: ɗaya a gaba, biyu a baya. Ta gaban ita kaɗai ke shayar da kashi biyu cikin uku na lakar, kuma a wannan kason ne hanyar motsi da ta jin zafi da ta bambance sanyi da ɗumi suke. Na bayan biyu su ke shayar da hanyar da ke sanar da mutum inda gaɓarsa take da jin girgiza. Ta gaban ce ta fi toshewa. Don haka sai ka ga mutum ido a rufe ya gaya maka an lanƙwasa babban yatsansa sama ko ƙasa, ya ji hannunka a ƙaurinsa, amma ka ɗora masa ƙanƙara ko ka tsira masa tsinke bai san an yi ba. Wannan rashin jin zafin yana da haɗari daga baya. Duba amsar jinya a gida.

To me zan yi a awa ta farko?

Kira motar is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar, a 997. A yankin Makka da Riyad 911 ma yana aiki. In Larabcinka bai nuna ba, wannan ya isa: "alam mufaji' fiz zahar, ma yigdar yimshi, ma yigdar yibul", wato ciwon baya na kwatsam, ba ya iya tafiya, ba ya iya fitsari. Ka dubi agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, don shi za a fara tambayarka. A bar shi kwance, kada a miƙar da shi tsaye a ce ya gwada takawa. In faɗuwa ya yi ko hatsari, kada ma a motsa wuyansa. A tattara duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su.

Babban asibiti mai ɗawari, wato sashen gaggawa, da na'urar ranin, wato hoton MRI, ake nufa, irin asibitin Nur a Makka ko na Malik Fahad a Jidda, ba mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ba. Mai turin keken da na ambata, a kwana na biyu wani ƙaramin mustausaf aka fara kai shi, aka yi masa allurar kashe ciwo, aka ce disk ne, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya je ya huta. Ba wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari. In ba a tambaye ka ba, kai ka faɗa.

In ba shi asfirin ko in ƙara masa maganin hawan jini kafin mota ta zo?

A'a, ko ɗaya. Abin da kake gani zai iya kasancewa zubar jini ne ya danne lakar, musamman ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ce ta tsage. A duka biyun asfirin ƙara wa wuta fetur ne. Hawan jini kuwa, lakar da ke ƙishirwa tana buƙatar jinin ya zo mata da ƙarfi. In ka sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe jinin ya faɗi warwas, ka rage mata ɗan abin da take samu. A bar wa likita ya yanke.

Ba shi da iƙama, wato takardar zama, ko ba mu da kuɗi. Mu je?

Ku je. Motar Hilal Ahmar ba a biyanta, kuma ƙa'idar ɗawari ita ce a fara ceton mutum. Ma'aikacin kamfani wajibi ne a kan kamfanin ya yi masa ta'amin, wato inshorar lafiya. A nemi katin ko a duba da lambar iƙama. Bizar umara tana zuwa da nata ta'amin na gaggawa, alhazai kuma ana duba su kyauta a asibitocin gwamnati lokacin aikin hajji.

Wanda ba shi da takardu, ban ɓoye ba, maganar kuɗi da ta takardu za ta iya biyo baya. Amma na ga gidajen da tsoron nan ya sa suka rufe ƙofa mako guda, daga ƙarshe dai asibitin aka zo, da gyambo a ɗuwawu da ƙoda ta fara taɓuwa saboda fitsarin da ya taru. Abin da ake gudun bai fasa zuwa ba, sai dai ya tarar da mara lafiya ya fi lalacewa.

Me ke kawo ta? Ɗana ko talatin bai kai ba.

Babban tushenta ita ce babbar jijiyar nan da ake kira awota, wadda ta fito daga zuciya ta gangara ta gaban ƙashin baya, domin daga jikinta rassan da ke shayar da laka suke fita. Akwai wani reshe guda da kusan duk ƙasan lakar ya dogara da shi, yawanci ta hagu yake fitowa daga wajen ƙasan haƙarƙari. Ana kiransa jijiyar Adamkiewicz, da sunan likitan ƙasar Poland da ya bayyana ta a 1882. In awota ta tsage, ko ta kumbura, ko aka yi mata tiyata, wannan reshen kan iya toshewa. Shi ya sa likitocin tiyatar jijiya ke gargaɗin dangi tun kafin a shiga.

Sai faɗuwar jini mai tsanani, kamar in zuciya ta tsaya aka farfaɗo da ita ko an zubar da jini mai yawa. Sai cushewar jijiyoyi da ciwon suga da hawan jini da kitsen jini da taba ke jawowa, shisha ma taba ce, kada a yaudari kai. Sai gudan jinin da ke tasowa daga zuciyar da bugunta ya rikice.

Ga matasa kuwa, akwai wata hanya mai ban mamaki: ɗan ɓurɓushin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya kutsa cikin jijiyar jini bayan ɗaukar kaya mai nauyi ko wani yunƙuri, ya je ya toshe ta. Akwai sikila, wadda muke da ita da yawa, har hukuma a nan ta wajabta gwajinta kafin aure tun 2004. Akwai masu nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya in suka taso da gaggawa. Su maganinsu daban ne, ɗakin iskar oksijin mai matsi. Akwai tsagewar jijiyar wuya bayan murɗa ta da ƙarfi, abin da ya sa ba na barin mai aski ya ƙas-ƙas min wuya. Da yawa kuma a yi duk binciken duniya ba a gano dalili ba, kuma wannan ba gazawar likita ba ce.

An yi masa ranin an ce ba a ga komai ba. Ke nan ba ita ba ce?

Ba lallai ba. Hoton MRI na awannin farko, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu, kan fito fes alhali cutar tana nan. Amfaninsa na farko shi ne a tabbatar ba wani abu ne ya danne lakar ba, kamar ƙari ko ƙurji ko gudan jini ko disk, domin waɗannan tiyatar gaggawa suke so. Akwai wani salon ɗaukar hoton da ake kira DWI wanda ya fi saurin nuna jalɗa, kuma akan maimaita hoton bayan 'yan kwanaki. In ta bayyana, a hoton da aka yanka a kwance takan fito kamar ɗigo biyu farare, likitoci na ce musu idon mujiya. Yawanci za a haɗa da hoton CT na awota da gwajin zuciya da na jini.

Za a iya neman ɗibar ruwan baya, kuma a nan ne dangi ke tayar da ƙayar baya, wai allurar ce ke gurgunta mutum. Na faɗa a amsar farko cewa laka a ƙashin ƙugu na farko ko na biyu take ƙarewa. Allurar ƙasa da nan ake shigar da ita. Ruwan ne ke taimakawa a raba jalɗa da kumburin laka, waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne.

Waɗanne cututtuka ne ke kama da ita?

Wannan tambayar ta fi muhimmanci gare mu fiye da yadda ake zato, domin wasu daga cikinsu suna warkewa sarai in an kama su da wuri. Tibin ƙashin baya a hankali yake zuwa, makonni ko watanni, da rama da zufar dare. Zazzaɓin da ake kira hummal malɗiyya, wanda ake ɗauka daga ɗanyen nonon raƙumi ko na akuya, shi ma yana cin ƙashin baya. In kun tsaya a hanyar Ɗa'if kun sha nonon da ba a tafasa ba, ku gaya wa likita. Wanda ya taso a Jazira ko Mai Wurno a Sudan, ko ya yi wanka a kududdufi da madatsun ruwa a gida, ya ambaci haka, domin ƙwan tsutsar tsargiya kan maƙale a laka, kuma akwai maganinsa, praziquantel. Likitan da bai san daga ina ka fito ba ba zai yi tunanin tsargiya ba.

Akwai kumburin laka, wanda kan ɗauki kwanaki yana ƙaruwa, ana ba shi allurar kotizon mai ƙarfi. Akwai cutar Guillain-Barré da ke farawa daga tafin ƙafa ta riƙa hawa. Duk waɗannan ba a raba su da ido a ɗaki.

Akwai allurar narkar da jalɗa kamar ta kai?

Ta kai ana yin ta cikin awa huɗu da rabi, kuma an gwada ta a kan dubban mutane. A laka ba ta zama tabbataccen magani ba. An yi wa ɗaiɗaikun mutane, amma kafin a gama tabbatar da cutar lokaci ya wuce, ga haɗarin in awota ce ta tsage. Kotizon ma ba a tabbatar yana amfanar jalɗar laka ba, ko da yake akan ba da shi in ana shakkar kumburi ne.

To in haka ne me ya sa nake ta cewa a yi sauri? Saboda abin da ake yi a kwanakin farko shi ke ceton sashen lakar da bai gama mutuwa ba, da ran mutumin kansa. Ana riƙe jininsa kada ya faɗi, har da ƙarin ruwa da magungunan ɗaga shi. In bayan tiyatar awota ne, akan sa siririyar roba a baya a rage ruwan da ke kewaye da laka don jini ya samu shiga. Ana gyara sanadin in an gano shi. Ana sa robar fitsari, ana allurar hana daskarewar jini a ƙafa, ana sa ido kan numfashi in abin a wuya ne. Bayan an tabbatar ba zubar jini, sai a ɗora shi kan asfirin ko makamancinsa da maganin kitsen jini, a daidaita suga. Kuma in ta tabbata ba jalɗa ba ce, dannewa ce, saurin ne ke raba mai tafiya da mai keke.

Mu yi masa ruƙiyya da ƙaho da lalas?

Ruƙiyya da addu'a da zamzam, a yi, a gefen gadon asibiti ma ana yi, ba wanda zai hana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai malam ya gama kwana bakwai kafin a tafi. Ƙaho ba ya buɗe jijiyar da ke can cikin ƙashi, ga shi mutumin yana kan maganin tsinka jini. Lalas kuwa, wanda Larabawa ke kira kayyi, a fatar da ba ta jin zafi kuma ba ta saurin warkewa, ƙofar gyambo ce kawai. Maɗori ma ba shi da aiki a nan, ba abin da ya goce.

Gaya min gaskiya, zai sake tafiya?

Ba wanda zai yanke maka wannan a makon farko, kuma duk wanda ya yanke, ko ta wane ɓangare, ya yi gaggawa. Wani bincike da asibitin Mayo ya wallafa a 2012 ya bi mutum 115. Cikin waɗanda aka sallama a keke kuma aka ci gaba da bibiyarsu, kashi 41 cikin 100 suna takawa bayan kimanin shekara uku, wasu da sanda. Cikin waɗanda suka fita da robar fitsari, kusan ɗaya cikin uku sun rabu da ita. Ka ga ba kowa ba ne, amma ba kaɗan ba ne.

Alamun da ke sa mu sa rai su ne in tun farko akwai ɗan motsi ko da na yatsa ne, in bai rasa sanin inda ƙafarsa take ba, in an ga ci gaba a kwanakin farko. Mafi yawan dawowar a watannin farko take, amma takan ci gaba fiye da shekara. Gashi shi ne jarin: a asibiti, a cibiyar farfaɗowa irin Madinatu Sulɗan bin Abdul'aziz da ke Riyad ga wanda ya samu hali, sannan a gida kullum. Masu tallar dashen ƙwayoyin halitta a ƙasashen waje da alkawarin miƙewa, har yanzu ba a tabbatar da wannan a matsayin magani ba. Kada a sayar da gida a kai musu.

Ƙafarsa ta fara zabura da kanta. Warkewa ce?

Na sha ganin an yi guɗa a kan wannan, kuma ba na jin daɗin zama mai kashe murnar. Da farko ƙafar laƙwas take. Bayan kwanaki ko makonni sai ta fara sandarewa tana fizga, domin lakar da ke ƙasa da raunin ta farka tana aiki ba mai tsawata mata. Motsin da ake ƙirgawa shi ne wanda aka ce masa yi, ya yi. Sandarewar in ta dame shi akwai baclofen da miƙa gaɓoɓi. Wani kuma zai riƙa jin raɗaɗi kamar wuta a ƙafar da ba ta jin tsinke. Wannan ciwon jijiya ne, panadol ba ya taɓa shi, sai irin su gabapentin ko amitriptyline da likita zai rubuta.

An sallame mu. Yaya jinya a gida?

A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, domin abin da ya fi kashe masu wannan cuta bayan sallama shi ne gyambon kwanciya da cutar fitsari da gudan jinin da ke tashi daga ƙafa zuwa huhu. A juya shi duk awa biyu, dare da rana. A raba wa 'yan gida lokaci kamar masu gadi, kada a bar wa mace ɗaya. In yana keke ya riƙa ɗaga jikinsa ko karkatawa duk minti 15 zuwa 30. Kullum a duba ƙashin ɗuwawu da ƙugu da dundunniya. Fatarmu ba ta nuna ja kamar ta farare, don haka a nemi wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi tauri, ko ya fi kewayensa ɗumi. In an gani, kada ya sake kwanciya a kai har ya baje.

Fitsari: in likita ya amince, sa roba a cire duk awa huɗu zuwa shida da hannu mai tsabta ya fi barin ta zaune wata da watanni. Fitsari ya yi wari da kauri tare da zazzaɓi, asibiti. Bayan gida a sa masa lokaci guda kullum, da ruwa da ganye a abinci. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe kwatsam, 997.

Sai ƙuna, wadda ba a faɗa wa mutanenmu. Da rani ruwan tankin saman soro tafasa yake kafin azahar. Wata Hajiya da nake zuwa gidanta, jikarta ta yi mata tsarki da shaɗɗaf, wato tiyon ruwan banɗaki, da rana tsaka. "Inna, da zafi?" "Babu, 'yar nan, ci gaba." Da yamma cinyoyinta suka tashi bororo. Ba laifin yarinyar ba ne, ba wanda ya gaya mata. A tara ruwa a bokiti ya huce, mai jinya ya gwada da gwiwar hannunsa. Haka kaskon turare a ƙarƙashin zane, da kujerar motar da ta sha rana, da kofin shayi a kan cinya.

Kwatsam kansa ya sara, gumi na karyo masa, fuska ta yi jajir. Mene ne?

In raunin daga tsakiyar ƙirji ne zuwa sama, wato ƙashin ƙirji na shida ko sama da shi, wannan gaggawa ce. Wani abu ne ke damun ƙasan jikin da ba ya ji, sai jini ya hau da mugun ƙarfi. A zaunar da shi bayansa a miƙe, kada a kwantar, a sassauta tufafi, a duba robar fitsari ko ta lanƙwashe ko ta toshe, domin yawanci ita ce. In bai lafa ba cikin 'yan mintuna a kira mota.

Sallah da azumi da aikin hajji fa?

Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya share wannan: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe. Mai robar fitsari malamai na sa shi a babin mai yoyon fitsari; ya tambayi malaminsa yadda zai yi alwala ko taimama. Azumi a watannin farko a nemi shawarar likita, domin ƙishirwa tana saukar da jini tana kuma dagula fitsari. Alhajin da abin ya same shi ana cikin aiki, hukumar lafiya takan kai majinyata Arfa cikin ayarin motocin asibiti, jifa a wakilta, ɗawafi a keke.

Aure da haihuwa sun ƙare ke nan?

Ba su ƙare ba. Mace tana ɗaukar ciki, sai dai a bi ta a babban asibiti. Namiji kan samu rauni, kuma akwai magani da dabaru wajen likitan mafitsara. Kunya ce ke hana tambaya. Mara lafiya ya nemi ganin likita shi kaɗai, ba a gaban surukai ba.

Muna so mu mayar da shi gida. Yaushe, kuma da me?

Sai likita ya ce jikinsa ya daidaita, musamman in awota ce sanadi. Kamfanin jirgi zai nemi takardar likita, kuma a sanar da su tun wajen yankan tikiti in keke ake so ko gado. Jidda zuwa Kano zaman awa huɗu zuwa biyar ne ko fiye, ban da jiran filin jirgi, don haka a tambayi likita maganar allurar hana daskarewar jini, a tafi da matashin zama, a zubar da jakar fitsari kafin a hau.

Kada a bar asibiti sai da taƙrir, wato rahoton likita, cikin Turanci da faifan hotunan ranin, ba takardar sakamakon kaɗai ba, domin likitan Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala hoton zai so ya gani da idonsa. A sayi robobin fitsari da za su kai wata biyu ko uku. A nemi inda za a ci gaba da gashi tun kafin a tashi. Magunguna irin su pregabalin da tramadol kuma hukuma a nan tana tsaurara musu ƙwarai: kowace ƙwaya ta zauna cikin kwalinta tare da takardar likita mai sunan mara lafiyan, kuma kada a ba wani ɗan uwa saƙon ya shigo da su daga gida cikin kaya.